Amsa kan haɗa tirelar ruwa ta kashe gobarar daji a ƙauye

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni a gareji. Ka ce hunturun bara wuta ta taso daga saura ta cinye maku kara da harawa har da rumbuna 2 a ƙauyenku can wajen Sandamu, kafin taimako ya iso daga gari an riga an gama, shi ne ƙungiyarku ta matasa kuka yi karo-karo kuna son haɗa 'yar tirela mai tankin ruwa da inji, kana tambaya wane girman tanki ya kamata, wane inji, kuma mai walda na gida zai iya ko sai ta kamfani. Allah ya mayar maku da alheri, ya kiyaye gaba. Walda ce sana'ata nan Daura, ina kuma taɓa noman rani da gyaran injin ban ruwa, na haɗa irin wannan abu da hannuna ba sau ɗaya ba, don haka ka yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

Mai walda zai iya, sosai ma. Amma kafin ku sayi ko noti ɗaya ku zauna ku amsa wannan tukunna, me zai ja ta? Kowa in ya zo wurina maganar tanki yake fara yi, a sa babba, a sa lita 2,000, a sa 3,000, ni kuma sai in ce mashi ruwa fa nauyi gare shi, lita 1 kilo 1 ce ba ragi, kaga lita 1,000 tan guda kenan cur, jarka 40 masu lita 25. Ka ɗora nauyin tankin kansa, da inji kamar kilo 25, da ƙarfe da aksil, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke jikinta, da tayoyin da tiyo, kafin ka ankara ka doshi kilo 1,400. Kuma ba kan kwalta zata bi ba, ƙasarmu ka santa, daga Sandamu har Zango da Baure da Mai'adua yashi ne, taya in ta nutse sai an yi da gaske. Tirelar da ta kafe a yashi tana hango hayaƙi daga nesa ai gara bokiti a hannu.

To in kuna da tarakta a garin wadda ake samu kowane lokaci, lita 1,000 ba komai ba ce wurinta har 2,000 zata ja. In Hilux ce ko wata a-kori-kura mai ƙarfi, ku tsaya a 1,000. In shanu ne, kuma inaga yawancin ƙauyukanmu abin da ke tsaye kullum a ƙofar gida kenan, to ni shawarata duro 2 ko 3 masu lita 200 a kwance a kan amalanke, lita 400 zuwa 600, kada ku wuce haka don bijimai zasu yi sauri da shi a yashi ba tare da sun galabaita ba. Abu ɗaya game da shanu, suna tsoron wuta da hayaƙi, ba zasu matsa kusa ba kuma kada a tilasta masu, a tsaya nesa a kwance su a ja tiyo. Keken ɗaukar kaya mai taya 3 kuwa duro 2 ya ishe shi, shi da ma a kwana ba shi da tabbas. Babur kam ban yarda ba ko kaɗan.

Sai tanki. Wanda na fi so shi ne farin tankin nan mai kusurwa 4 da ke cikin keji na ƙarfe, lita 1,000 yake ci, gindinsa kamar mita 1 da mita 1.2, nauyinsa in ba ruwa wajen kilo 60, yana da bawul ɗinsa a ƙasa da murfi a sama, kuma da ma don jigila aka yi shi. Wanda ban so shi ne baƙin tankin nan na tsaye da muke ɗorawa a saman gida. Shi don ya zauna wuri ɗaya aka yi shi, dogo ne, ba inda zaka kama shi da kyau, kuma wurin da aka sa mashi famfo a ƙasa shi ke fara tsagewa in ana jijjiga shi a hanya. Tirela ta farko da na taɓa haɗawa da irinsa na yi, don shi masu aikin suka kawo kuma ban hana ba. Ranar gwaji ruwan rabi ne a ciki, direba ya sha kwana a gefen wani kwari ba ma da gudu ba, ruwan ya tafi gefe guda gaba ɗaya tirelar ta kwanta, wani yaro da ya ɗare kan ƙarfen gaba ya ji ciwo a ƙafa sai da ya yi makonni bai taka ba. Har yau abin na damuna. Tun daga nan na san tanki rabi ya fi cikakke haɗari, don cikakke ruwan ba shi da inda zai motsa, rabi kuwa duk birki ko kwana sai ya bugi bango da nauyinsa. Shi yasa in tankin ƙarfe zaku ƙera dole a sa mashi faranti 2 ko 3 a ciki masu huji da zasu raba ruwan ɗaki-ɗaki, in kuma duro ne to rabuwar ta samu da kanta. Kuma doka ta farko, ba mai hawa tirela tana tafiya.

Wallahi ga wata magana da nake so ka karanta ma 'yan ƙungiyarku da babbar murya. Duk duro ko tankin da aka taɓa zuba fetur ko gas ko wani mai a ciki, kada a kusance shi da wutar walda ko injin yanka, ko an ce an wanke, ko ya shekara a yashe. Tururin da ke saura a ciki shi ke fashewa, kuma ya kashe masu sana'armu da yawa. A ɗaure duro da bel ko ƙarfen ɗauri da noti, ba walda a jikinsa. Tankin kejin ma yawanci kwance ne, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, ku tambayi me aka zubo a ciki, ku wanke shi sosai, in baku tabbatar ba to kada a ba dabba ruwan balle mutum. Farin kuma rana na shiga ta jikinsa ya yi gansakuka ta toshe bakin tiyo, robar ma rana na cin ta, don haka a rufa mashi kwano ko a ajiye shi a inuwa.

Gadon tirelar ba wani abin wahala ba ne. Ƙarfen canel mai inci 4 guda biyu a tsaye, a gitta masu 4 ko 5, tsawo kamar mita 2.5 faɗi daidai gindin tanki, ƙarfen ja na gaba a yi shi kamar harafin A ya shiga ƙarƙashin gadon sosai, ba a liƙa shi a baki kawai ba don nan ne ke karyewa. Aksil a samo kwance wurin 'yan gwangwan ko masu kayan mota, na bayan a-kori-kura ko bas, tare da sifirin ɗinsa na ganye, a buɗe boris a duba a sa giris sabo. Tanki ya zauna ƙasa-ƙasa iya yadda zai yiwu, tayoyi kuma su buɗe, faɗi shi ke hana kifewa. Maganar taya kada ku yi mata arha. Kilo 1,400 a kan taya 2 kowace na ɗauke da kusan 700, tayar ƙaramar mota kuwa yawanci bata wuce 500 da ɗan wani abu. Ku nemi irin ta bas, 195R14C, zaka ga an rubuta 106/104 a gefenta, wannan 106 ɗin na nufin kilo 950. Ku sayi 3, ɗaya safaya.

Inda aksil zai zauna shi ne sirrin aikin. Ba tsakiyar tanki daidai ba, a ɗan ja shi baya kaɗan yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka a kan bakin ja. In nauyi ya koma baya tirela zata rinƙa ɗaga bayan mota tana wutsil-wutsil, in kuma ya yi yawa a gaba zata danne motar. Ni yadda nake yi, in ɗora tanki in cika shi kafin in kama aksil da walda ta ƙarshe, in gwada, sannan in yi waldar. Na shanu kuwa a sassauta nauyin gaba ƙwarai don a wuyansu karkiya take. A sa ƙafar tsayawa a gaba da wata a baya, saboda in an kwance ta daga mota mutum ya taka baya kada ta ɗaga, a sa sarƙa 2 bayan fin ɗin ja, da katako 2 na tare taya. Kuma ka sani bata da birki. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 doka ce sai da birkinta, tamu ta kusa ninka haka, to birkinmu shi ne tafiya a hankali, gudun da bai wuce na keke mai sauri ba, musamman a gangara.

Yanzu inji, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikin. Na san abin da ke ranku, injin ban ruwa mai inci 2 da kowa ke da shi a fadama, a ɗora a ja shuɗiyar mesar nan mai faɗi a buɗe. To irin wannan inji in ya sake yana iya tura wajen lita 500 zuwa 600 a minti ɗaya. Yi lissafi da kanka, tankinku na lita 1,000 bai kai minti 2 ba ya ƙare, kun jiƙa wuri ɗaya jagab wuta kuma ta yi gaba abinta. Shi don yawan ruwa aka yi shi ba don ƙarfin feshi ba. Wutar ciyawa da kara kuwa ba ambaliya take so ba, ruwa kaɗan take so a daidai gindinta, ana tafe ana bin ta. Don haka ko da wannan injin zaku yi amfani, a rage bakin fitarsa daga inci 2 zuwa inci 1, a sa tiyon roba mai kauri na inci 1 ko uku bisa huɗu kamar mita 30, a ƙarshensa a sa baki mai murɗawa wanda ke rufewa, yana yin tsinin ruwa yana kuma yin feshi. In kuna fitar da lita 30 a minti kun samu sama da rabin awa da tanki ɗaya, kaga tazarar da ke tsakanin minti 2 da rabin awa, ita ce tsakanin rumbun da ya tsira da wanda ya zama toka. In kuɗinku ya kai akwai inji mai matsi da yawa, girmansa ɗaya da na fadama amma yana tura ruwa sama mita 50 ko fiye, na fadama kuwa wajen 30 yake tsayawa, a jikin kwalin ana rubutawa, shi ya fi dacewa da doguwar tiyo. In bai kai ba na fadamar zai yi, kada ku fasa don wannan.

Haɗin bututun kuma ga yadda yake. Daga bawul ɗin tanki a sa guntuwar tiyo mai ƙashi wadda bata lanƙwashewa zuwa bakin shan inji, kada a haɗa da bututun roba mai tauri kai tsaye don girgizar hanya zata fasa shi. Zaren bakin tankin keji daban yake da na famfo, akwai mahaɗinsa a wurin masu kayan famfo, ku tafi da murfin bakin a gwada. A bakin fita a raba biyu, ɗaya tiyon kashe wuta, ɗaya ƙaramin bututu na rabin inci mai bawul da zai mayar da ruwa cikin tanki ta sama. Wannan ƙaramin kada ku raina shi. In mai riƙe da tiyo ya rufe baki inji na ci gaba da juyawa, ruwan da ke cikinsa zai yi zafi har ya ƙone sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo a cikin injin, amma in kun bar na komawar a ɗan buɗe ruwa na zagayawa inji na shan sanyi. Sai murfin sama, a sassauta shi ko a yi mashi hujin iska kafin a tada inji, in ba haka ba zaka ga tanki ya motse ciki kamar an matse gwangwani. Injin a ɗaure shi da noti a kan roba, salansa ta kalli waje nesa da tanki da tiyo.

A ƙara bawul ɗaya a wurin sha da tiyo mai ƙashi kamar mita 6 mai raga a baki, yadda injin zai cika tankinsa da kansa daga kududdufi ko tafki ko dam in kuna kusa da irin su Daberam ko Sabke, minti 3 ya cika. Nan ne yawan ruwan injin fadama ke da rana. Sai dai ba ya jan ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8 komai ƙarfinsa, rijiyoyinmu kuma sun fi haka zurfi, kuma lokacin da gobara ta fi yawa kududdufai sun fara ƙafewa. Kenan mafi yawanku a bohol zaku cika, shi kuma a hankali yake zuba, ba ranar gobara ake bin layinsa ba. A tuna ɗura ruwa a cikin ɓangaren injin da ke jan ruwa kafin a ja igiya.

A jikin tirelar a yi wurin rataye shebur 2 da manjagara da fartanya da adda da bokiti, da buhunan da ba na leda ba don jiƙawa, da injin feshin goyo mai lita 16 ko 20 guda 2 waɗanda aka wanke daga magani. Su ne ke bin baya suna kashe kututture da kashin shanu, don busasshen kashin shanu yana riƙe wuta a ciki awoyi, iska ta taso da dare ya sake tada ta. Ɗan sabulun ruwa kaɗan a tanki yana sa ruwa ya ratsa tarin kara da harawa maimakon ya zame ta sama, amma ranar aiki kaɗai ake zubawa.

Yadda ake tunkarar wutar ya fi ƙarfen muhimmanci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, daga hantsi zuwa la'asar ta fi ƙarfi, kuma a busasshiyar ciyawa kan wuta na iya fin mutum gudu. Kada ku taɓa tare ta ta gaba. Ku shiga ta baya, ta inda ta riga ta cinye, iska na bayanku, ku bi gefenta kuna kashewa kuna matse ta har ku cim ma kan. Tirela ta tsaya a ƙunar da ta huce ko a fili mara ciyawa, fuskar mota na kallon hanyar fita, direba kuma kada ya bar wurin, don salansar mota mai zafi ita kanta tana kunna ciyawa. Ruwa a gindin wuta ake sa shi ba a harshenta ba. In wutar ta fi tsayin mutum ku bar ta, ku koma ku jiƙa darni da rumbuna da rufin ciyawa na gefen garin da ta nufa, nan lita 1,000 ɗinku zata fi amfani. Kayan auduga za a sa da takalmi sau-ciki da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, rigar ƙwallo da silifas narkewa suke a jikin fata. Kada a zubar da ruwan duka, a bar kamar lita 100 don kare kanku. Kuma tun da aka hango hayaƙi wani ya kira 'yan kwana-kwana ko 112, tirelarku riƙon ƙwarya ce kafin su iso.

Tirelar nan ba ta gobarar fetur ba ce, ruwa watsa shi yake yi. Ba ta wayar lantarki mai wuta ba ce. Ba kuma ta irin gobarar da ta ci babbar kasuwar Katsina a 2021 ba ce, wannan aikin manyan motoci ne.

Da an gama girbi kafin sanyi ya kankama ku fito gayya ku share kewayen rumbuna da inda ake tara kara da harawa, faɗin mita 4 ko 5 har ƙasa ta fito, a bi da garmar shanu ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kuma daina jingina kara a jikin rumbu. Mai gari da liman su ja kunnen yara masu sa wuta don gafiya da kurege, da masu ƙona sharar gona da rana tsaka ana iska. Wutar da ta iso wurin da kuka share ta rage ƙarfi ita ce tirela ke iya gamawa da ita.

Abin da ke kashe irin wannan kaya a ƙauye kuwa ba tsatsa ba ce, aro ne. Yau mai buga bulo, gobe gidan biki, jibi wani ya cire injin ya kai fadama, ranar da aka yi ihu a tarar tanki wayam taya ba iska. Ban ce a hana amfani da ita ba, ban ruwan dashen bedi da kai ruwa masallaci ma yana sa a san lafiyarta, amma a rubuta a gaban mai gari cewa duk wanda ya ɗauka zai dawo da ita cike kafin magariba, daga Nuwamba har ruwan farko ya sauka kuma inji ba ya barin jikinta. A ba mutum 3 makulli. Duk Juma'a a tada inji minti 5, a kakkaɓe matatar iska don ƙurar hunturu, in an gama a rufe makunnin mai a bar shi ya mutu da kansa saboda tsohon fetur na toshe kafireto, a ajiye fulogi da igiyar ja na safaya da fetur lita 4 a galan nesa da salansa, kada kuma a ƙara mai inji na da zafi.

In an gama haɗawa ku cika ta ku ja ta ta hanyar da ta fi kowace yashi a garinku, ku duba agogo daga ihu zuwa ruwan farko minti nawa, ku kuma auna minti nawa tanki ke ɗauka kafin ya ƙare da bakin da kuka sa. Ka turo mani abin da zai ja ta da faɗin aksil ɗin da kuka samu, sai in faɗa maka awon gadon da inda za a kama sifirin.